Haƙoran ɗiyata tun tana ciki

Cikina na biyu yana wata uku dasashina ya fara zubar da jini. In na yi aswaki da asuba na tofar, ja nake gani. In na gatsi ɗanyen mangwaro, wanda a lokacin shi kaɗai raina ke so, sai in bar shaidar jini a jikinsa. Uwar mijina ce ta fara ba ni fassarar abin. Gida ɗaya muke da ita a nan Tawa, don maigidan yana Abijan wajen bida kamar yawancin mazan unguwarmu. Ko ɗaga kai ba ta yi ba daga waken da take tsinta, ta ce, "Ɗan ne ke jan haƙoranki, ɗiyata. Kowane ciki da haƙorin da yake tafiya da shi. Dubi nawa." Ta buɗe baki ta nuna mini giɓin turamenta. Na ce, "To, Inna," don ba a musu da ita a kan sha'anin haihuwa.

Ni malama ce, kimiyyar halittu nake koyarwa a kwaleji, amma abin da littafin ajinmu ya faɗa a kan haƙori bai wuce zane ɗaya ba: ga kai, ga saiwa, yaro yana da 20, babba 32. Yadda ake ƙera shi da lokacin da ake farawa, babu ko layi guda.

Ranar awo na kai maganar gaban unguwarzoma a likitar unguwarmu. Awon ciki kyauta ne a Nijar tun 2006, shi ya sa benci kullum cike yake, kuma ba kowace tambaya ake samun lokacin amsa ta ba. Ta gwada nauyina, ta ɗaura mini awon jini a hannu, ta rubuta a karne, wato littafin awo, sannan ta ja leɓena ƙasa da yatsa ta duba. Ta ce, "Madam, wannan ba aikina ba ne. Ki je wajen lokotoron haƙori, yanzu ne ma lokacin da ya fi dacewa, laulayi ya fara sauƙi, ciki bai yi nauyi ba." Na ce ai na ji ana cewa mai ciki ba ta zuwa a taɓa mata baki. Ta ce ita ma ta sha ji, kuma masu faɗa su ne ke dawowa da kumburarren kunci a wata na tara.

Lokotoron haƙorin dattijo ne mai magana a hankali. Ya kankare mini dattin da ya daskare a gindin haƙora da wani ɗan ƙarfe mai ƙara yana fesa ruwa. Akwai tsami a jiki, ba zan ɓoye ba, amma ba abin da zai hana mutum komawa ba ne. Da na kurkure baki na gaya masa maganar Inna. Ya ce kalsiyam, wato sinadarin da ke sa ƙashi da haƙori tauri, in ya riga ya shiga haƙorin babba ya shiga ke nan, jini ba ya komawa ya ɗebo shi. Ɗan tayi daga abincin uwa yake samun nasa. Hanjin mai ciki yakan ninka abin da yake tsotsa daga abinci, in kuma abincin ya gaza, jiki daga ƙashi yake ranta. Abin da ke cin haƙoran mata masu yawan haihuwa daban ne: sinadaran da ciki ke ƙarawa a jini suna sa dasashi ya kumbura ya yi saurin jini, amai yana kawo ruwan ciki mai tsami da ke zaizaye ɓawon haƙori, kwaɗayi yana sa a yini ana tsotsar kayan zaƙi, ga shi tashin zuciya ya sa an rage wanke baki. Wato Inna ta ga gaskiya, giɓinta shaida ne, dalilin ne kawai ba wanda take zato ba. Ya ce in na yi amai kada in goge haƙora nan take, in fara kurkurewa da ruwa, ko da ƙaramin cokali na bikarbonat a kofin ruwa, in bari a jima.

Har na miƙe sai na tuna da ɗan farina. Bakwaini aka haife shi, kuma da haƙoransa suka fito, na gaba na sama sun zo da ƴan ramuka da tabo rawaya-rawaya, alhali bai san alawa ba tukuna. Dangi sun ce maye, wasu sun ce gadon gidan uba. Na tambayi lokotoro. Ya ce, "Zauna, Malama. Tunda ke mai koyarwa ce, bari in ba ki darasin da za ki kai aji." Ya juya bayan takardar magani ya fara zane.

Ya ce a mako na 6 da shigar ciki, lokacin ɗan tayi bai kai santimita biyu ba, fatar cikin bakinsa takan yi kauri ta zama wani lanƙwasasshen ziri, ɗaya a muƙamuƙin sama, ɗaya a na ƙasa. Wajen mako na 8 kowane ziri ya fitar da toho 10 da ke nutsewa cikin naman da ke ƙarƙashinsa. Goma sama, goma ƙasa, ga haƙoran yarinta 20 nan an riga an yanka wa kowanne wurinsa. A mako na 9 zuwa na 10 kowane toho yakan lotsa daga ƙasa ya kife a kan wani dunƙulen ƙwayoyin halitta, shi ne masana ke kira matakin hula. Daga mako na 11 lotsawar ta yi zurfi, a shiga matakin ƙararrawa, kuma a nan ne ake yanke siffar haƙori: wannan mai kaifi ne na gaba, wannan fiƙa ce, wannan turmi ne mai faɗi da tudu-tudu. Ya ja kunnena cewa littattafai daga ranar shigar ciki suke ƙirgawa, ita kuwa unguwarzoma daga ranar al'ada ta ƙarshe, don haka in ƙara kamar mako biyu in ina duba karne. Ya leƙa nawa karnen ya ce, "Yanzu haka da kike zaune, na gaba suna cikin ƙararrawa."

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne yadda taurin ke samuwa. A cikin ƙararrawar akwai sahu biyu na ƙwayoyin halitta da ke fuskantar juna. Sahun ciki ne ke fara aiki, yana zuba abin da ake kira dantin, wato jikin haƙori mai ɗan rawaya da ke ƙarƙashin farin. Da zarar dantin ya kwanta, sai sahun waje ya fara zuba farin ɓawo a kansa. Kamar magina biyu ne da suka tsaya a gefe biyu na katanga ɗaya, kowa yana yaɓe yana ja da baya. Masu dantin suna ja zuwa tsakiya, kuma suna nan da rai a cikin haƙori muddin haƙorin na raye, shi ya sa haƙori ke iya ƙara dantin daga ciki ko bayan shekaru. Masu farin ɓawo kuwa waje suke ja, suna gama aiki, haƙori ya huda dasashi, sun ƙare ke nan. Babu mai sake zuba shi. Farin ɓawon nan shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne na kalsiyam da fosfat, amma in ya fito da rami, da ramin zai zauna.

Taurin yana farawa daga tsinin haƙori ya gangaro. Na gaba na tsakiya ne kan fara, wajen mako na 14, sai turamen farko da na gefensu wajen mako na 15 zuwa 16, fiƙoƙi wajen na 17, turame na biyu wajen na 18 zuwa 19. Kafin ciki ya raba tsakiya sosai, duk 20 ɗin sun kama tauri. A daidai wannan tsakanin kuma tohon haƙoran girma ke fara fitowa a bayan na yarinta. Game da ɗana, ya ce aikin da ya kamata a ƙarasa cikin natsuwa a watannin ƙarshe na ciki, shi a waje ya ƙarasa shi, yana fama da rashin nauyi da ciwo, kuma ƙwayoyin da ke zuba farin ɓawo ba sa jure irin wannan. Ya ce ana yawan ganin haka ga bakwaini da yaran da aka haifa ba nauyi.

Na fito da takardar nan a hannu, na kwafe makonnin a shafin ƙarshe na karnena. Abin da ya tsaya mini a rai a kan kabu-kabu har gida shi ne al'adarmu ta ɓoye ciki. Mace ba ta son a sani sai ya fito da kansa, ga kunya, ga tsoron baki, don haka da yawa ba sa taka ƙofar awo sai wata na biyar ko na shida. A lokacin an gama yanka wa haƙora wuri, an gama siffa, tauri ya yi nisa. Leɓe da ganɗa ma sun riga sun haɗe tun kafin ƙarshen wata na uku. Ina ganin kunyar nan tana da tsada, kuma ba uwar ce kaɗai ke biya ba. Ana iya zuwa awo ba tare da an yi shela a unguwa ba.

Sai batun ci. Ban sauya tukunyar gidan ba, don ba ni ke da ita ni kaɗai ba, amma na gyara abin da ke shiga kwanona. Fura dama muna sha kullum, sai na sa a ƙara nono a rage ruwa, in kuma nonon ɗanye ne daga ruga sai an tafasa. Cukun da ake kawowa daga wajen Abalak, wanda da sai in baƙi sun zo ake fito da shi da shayi, na mai da shi abin jakata, in gutsura tsakanin darasi da darasi. Miyar kuka, dambun zogale, wake, riɗi, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a zuba a miya, duk suna ɗauke da kalsiyam, kuma babu wanda sai an je kanti. Unguwarzoma ta ce jariri yana tara kalsiyam wajen giram 30 kafin a haife shi, mafi yawansa a wata ukun ƙarshe, galibi don ƙashi, haƙora su sami rabonsu. Ta ƙara da cewa jiki ba ya cin moriyarsa sosai sai da bitamin D, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta. Na yi dariya na ce a Tawa kuwa rana ai ba a nemanta. Ta ce in lissafa awa nawa hannuna ko ƙafata ke ganin rana tsakanin aji, ɗaki da hijabi. Daga nan na koma yin wanki da hantsi a tsakar gida.

Abu ɗaya da na sha fama da shi shi ne farar ƙasa. Maƙwabciyata tana da ita a ƙulle cikin leda, ƙamshinta kaɗai yana tsinka mini yawu. Mata da yawa suna cewa ai ƙarfin ƙashi take ƙarawa. Ba ta ƙara komai, tana ma hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe na ƙwayoyin ƙarin jinin da ake ba mu a awo, ga yashinta yana goge haƙori.

A wata na biyar na yi wani tari mai naci. Ƙanwar maigidan, don tausayi, ta tsayar da mai yawo da magani a faranti ta sayo mini kafso mai ja da rawaya, ta ce, "Yaya, sha biyu ki kwanta." Na juya ledar maganin na karanta: tetrasiklin. Shi ne maganin da lokotoro ya rubuta da manyan baƙaƙe a ƙasan zanensa ya ja masa layi biyu. Yana ratsa mabiyiya, yana manne wa kalsiyam a duk inda ake cikin gina ƙashi ko haƙori, sai haƙorin ya fito da launin rawaya ko toka ko ƙasa-ƙasa daga cikinsa, ba irin wanda aswaki ke fitarwa ba. Saboda haka ne ba a ba mai ciki, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 8 ba sai da dalilin likita. Na yi mata godiya, na ajiye, da safe na tafi likita aka ba ni abin da ya dace. Ta ɗan ji haushi, kwana biyu ta huce.

Gwajin jinin da ake yi a awo ma ashe yana da alaƙa da baki. Ɗaya daga cikin abin da ake nema tunjere ne. In uwa na da shi ba a yi magani ba, yakan kama ɗan, kuma alamarsa na iya ɓoyewa har sai haƙoran girma sun fito, na gaba su zo da tsaga a bakinsu kamar an gutsure. Wani likitan Ingila, Jonathan Hutchinson, shi ya bayyana wannan tun ƙarni na 19, har yau da sunansa ake kiran irin haƙoran. Allurar fenisilin ce maganinsa, kuma da miji ake yi.

Ranar hoton ciki, wanda muke ce wa eko, na roƙi mai na'urar ya nuna mini bakin. Ya ce yawanci mata jinsi suke tambaya. Ya zagaya da abin a kan marata cikin sanyin man nan, ya tsaya, ya nuna wani ɗan baka fari a allon, ya ce muƙamuƙin sama ke nan, a haɗe yake babu tsaga. A jikin bakan akwai ƴan ɗigo-ɗigo a jere. Ya ce, "Ga su nan, Madam." Ba don ya nuna da yatsa ba, da ban ce komai ba ne. Na ƙura ido har ya ce akwai masu jira. Jinsin ma ya faɗa mini daga baya, mace ce.

Sauran watannin sun wuce da nauyinsu, zafin bazara, sannan damina da sauro, ƙwayoyin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake haɗiya a gaban unguwarzoma, da kwana cikin gidan sauro ko da iska ta ɗauke. Zazzaɓin nan yana cikin abin da ke jawo haihuwar bakwaini da rashin nauyi, don haka ban yi wasa da shi ba, na riga na ga abin da hakan ya bari a bakin ɗana.

Na haihu da cikakken wata. Da aka miƙo mini ita tana tsala kuka, baki a wangame, dasashi fayau babu komai. Inna ta sa yatsa ta shafa, ta ce alhamdulillahi, don a garinsu an taɓa haihuwar yaro da haƙori aka yi ta surutu. Wannan ma lokotoro ya taɓo shi: yana faruwa ga kamar jariri 1 cikin 2,000 zuwa 3,000, yawanci na gaba na ƙasa ne suka yi gaggawar fitowa, ba alamar komai ba ce. In yana girgiɗi ko yana yanka harshen jariri ko nonon uwa, likita ne zai duba, ba wanzami ba.

A ƙarƙashin dasashin nan da ake gani fayau, kan haƙoran gaba ya kusa kammala, fiƙoƙi sun kai kamar kashi ɗaya cikin uku, turame sun yi tudunsu, saiwa kuwa ba a fara ba, sai bayan haihuwa. Kuma ranar haihuwar kanta tana rubuce a ciki. Masu zuba farin ɓawo kullum suna ajiye ɗan siririn sahu, wajen kashi 4 cikin 1,000 na milimita, ana iya ƙirga su a madubin ƙara girma. Wahalar fitowa duniya da sauyin abinci daga cibiya zuwa nono sukan dagula aikin na ɗan lokaci, sai a sami layi guda da ya fi sauran duhu. Duk haƙoran yarinta suna da shi, haka ma turmin farko na girma, wanda ke fara tauri daidai lokacin haihuwa. Abin da ke cikin layin an gina shi a ciki, abin da ke wajensa an gina shi a duniya. Masu binciken gawa da masu tonon tsofaffin kaburbura da shi suke gane ko jariri ya rayu bayan haihuwa. Da na koma aiki na kai wannan aji, yaran da ba sa ɗaga hannu ma sun yi tambaya.

Tunda ginin yana ci gaba bayan haihuwa, ruwan sha ma ya shigo lissafi. Mu ƴan Nijar ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba: a Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fulor ya ɓata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha miligiram 1.5 a lita.

Tana cikin wata na bakwai na ji wani abu ya karce ni tana shan nono. Na buɗe bakin, ga ɗan farin layi a ƙasa, washegari na kusa da shi ya leƙo. Sumul suke, babu rami babu tabo. Na fara goge mata su da tsumma mai tsabta da ruwa safe da dare. Ba a jima ba ta kama zawo da zafin jiki, gida ya ɗauka cewa haƙori ne, Inna har ta aika a nemo laya da garin da ake shafawa a dasashi. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayi da rigima, amma ba ya sa zawo ko zazzaɓi mai ƙarfi. Lokacin ne kawai ya zo ɗaya da fara rarrafe, da kai komai baki, da fara kunu, da raguwar kariyar da ta samo daga jikina. Na ce, "Inna, a ɗaura layar, amma bari in kai ta a duba." Ta ce in je. Aka ba mu ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, aka yi gwajin zazzaɓin sauro bai nuna ba.

Yayanta kuma yana dab da famfara. Masu tabon nan za su zube, na girma su maye gurbinsu. Lokotoro ya ce in sa ido can ƙuryar baki, bayan turamen yarinta, don turmin farko na girma wajen shekara 6 yake fitowa ba tare da wani ya faɗi ba, iyaye su ɗauka na yarinta ne su bar shi ya rube. Tunda shi ma a kwanakin wahalar haihuwarsa ya fara tauri, ya ce da ya huda in kai yaron ya gani.